Fuloti ɗari uku da lambobi a Excel: yadda AutoCAD zai ɗauke maka aikin maimaici

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aikin zane a wani ofishin safiyo a nan Kaduna. Maigidana ya ba ni shimfiɗar filaye ta wajen Rigachikun, fuloti kusan ɗari uku, lambobin bikon, wato alamomin iyakar fuloti, duk suna cikin Excel. Ɗaya bayan ɗaya nake buga su a AutoCAD, sannan in bi kowane layi in rubuta nisa da beyarin, wato kusurwar layin daga arewa. Yau kwana huɗu ban kai rabi ba. Na ji ana maganar makro da LISP, sai na sauko da wani daga intanet. Ya zuba mini ɗigo a inda ba nan ne muhallinsu ba, yanzu ma in na danna Open akwatin zaɓen fayil ba ya fitowa. Daga ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Mu fara kashe wutar da ke gabanka. Buga FILEDIA a layin umarni, danna Enter, ka sa 1. Akwatin zai dawo. Kwamfutarka lafiya lau take. Shirin da ka sauko da shi ne ya mayar da wannan saitin 0 don kada akwati ya tare masa hanya, sai ya maƙale a tsakiya, ko kuma kai ka danna Esc, bai kai layin da zai mayar da saitin yadda ya same shi ba.

Ka riƙe wannan da kyau, domin kusan duk matsalar da za ka gamu da ita daga nan take fitowa. Makro, wato jerin umarnin da aka tanada don su gudana da kansu, makaho ne mai saurin hannu. Ba ya ganin zanenka. AutoCAD yana jefo tambayoyi a layin umarni, shi kuma yana zuba amsoshin da ka tanadar masa a jere. Idan tambaya ɗaya ta ƙaru, ko ɗaya ta ɓace saboda wani saiti ya bambanta da na ranar da aka rubuta shi, duk amsoshin sai su zame: tsawon rubutu ya faɗa gurbin kusurwa, sunan bikon ya faɗa gurbin umarni. Don haka rubuta makro ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce ka tabbatar da cewa kullum zai tarar da gidan a shirye yadda ya sani.

Shi ya sa aikin farko ba shi da alaƙa da rubuta shiri. Buɗe sabon zane, ka tsara shi yadda ofishinku yake so, ka ajiye shi a matsayin fayil ɗin .dwt. A ciki ka ƙirƙiri leya-leyan da kuke amfani da su da sunaye tsayayyu, misali IYAKA, BIKON, RUBUTU, HANYA. Ka sa INSUNITS a 6, wato mita. Masu zanen gini da ke aiki da milimita 4 suke sawa. Ka sa PDMODE a 3 ko 34 don ɗigo ya riƙa fitowa da alamar da ido zai gani, ka ba PDSIZE girman da ya dace da sikelinka. Salon rubutun da za ka yi aiki da shi kuma, ka bar tsawonsa a 0 a cikin STYLE. Wannan na ƙarshen ƙarami ne a ido, amma shi ne ke karya yawancin sikirif ɗin, wato fayilolin jerin umarni, da ke yawo tsakanin ofisoshi: idan salon yana da tsayayyen tsawo, umarnin TEXT ba ya tambayar tsawo kwata-kwata, sai lambar da ka tanada don tsawo ta zama kusurwar juyi. Duk wanda zai yi zane a ofishin daga wannan fayil ɗin zai fara. In ba a yarda da wannan ba, shirin da ya yi aiki a teburinka zai ƙi yi a teburin na kusa da kai.

Bayan haka matakai huɗu ne, kowanne ya fi wanda ya gabace shi ƙarfi da wuyar koyo: gajeren suna, makron maɓalli, sikirif, sannan AutoLISP, yaren rubuta shiri na AutoCAD. Na farkon ba sai an daɗe a kai ba. Akwai fayil mai suna acad.pgp, a ƙarshensa ka ƙara layi kamar `FL, *PLINE`, ka ajiye, ka buga REINIT ka zaɓi PGP. Daga nan FL ya zama PLINE. Shi ke nan.

Makron maɓalli ana yin sa a cikin CUI, tagar tsara maɓallan AutoCAD. Ka ƙirƙiri sabon umarni, ka rubuta wannan a gurbin makro, ka ja shi zuwa kan jerin maɓallanka:

`^C^C_-LAYER;_M;IYAKA;_C;1;;;_PLINE`

Karanta shi kamar kana bugawa da hannu. ^C^C Esc ne sau biyu, don a kashe duk umarnin da ke gudana. Sau biyu ne saboda wasu umarnin suna da ciki da waje. Karan ɗorin da ke gaban LAYER yana kiran sigar da ba ta buɗe akwati, domin makro ba ya iya danna komai a cikin akwati. Kowane waƙafi mai ruwa Enter ɗaya ne. Duba guda ukun da ke bayan 1: na farko ya shigar da launi, na biyu ya amince da sunan leyar da aka nuna, na uku ya fita daga umarnin. Ka rage ɗaya, sai kalmar PLINE ta faɗa cikin tambayar LAYER, ka ga an ce ba a gane ba. Inda kake son makron ya dakata ka nuna wuri da linzami, alamar \ za ka sa. Hanyar da ba ta kuskure wajen rubuta irin wannan ita ce ka yi aikin da hannu sau ɗaya, ka danna F2, ka ƙirga tambayoyin da Enter ɗin da ka danna, ka kwafe su yadda suke. Akwai kuma Action Recorder tun AutoCAD 2009, ka buga ACTRECORD ya naɗi abin da kake yi. Yana da amfani wajen ƙananan abubuwa, amma ba ya lissafi kuma ba ya karanta Excel, don haka ba zai taɓa aikinka na yanzu ba.

Abin da zai cece ka a wannan makon shi ne sikirif. Fayil ne na rubutu zalla mai ƙarewa da .scr, kowane layi umarni, kuma Excel ɗin da ke hannunka shi zai rubuta maka shi. A ce sunan bikon yana A, lambar gabas tana B, lambar arewa tana C. A D2 ka rubuta:

`="POINT "&TEXT(B2,"0.000")&","&TEXT(C2,"0.000")`

A E2 kuma:

`="-TEXT "&TEXT(B2+1,"0.000")&","&TEXT(C2+1,"0.000")&" 2 0 "&A2`

Ka ja su har ƙasa. Ƙarin 1 ɗin don sunan ya ɗan goce daga kan ɗigon ne. Lambar 2 tsawon rubutu ne: a sikeli 1:1000 milimita ɗaya a takarda mita ɗaya ce a ƙasa, don haka 2 zai fito milimita biyu, a 1:500 kuwa 1 za ka sa ka sami milimita biyun. Buɗe Notepad, ka fara da waɗannan layukan, sannan ka liƙa abin da ke D a ƙarƙashinsu:

```
OSMODE 0
CLAYER BIKON
```

Bayan na D ka sa `CLAYER RUBUTU`, ka liƙa na E. Wajen ajiyewa ka zaɓi All Files, in ba haka ba Notepad zai manna masa .txt a wutsiya, AutoCAD ya ƙi ganinsa. Koma zane, buga SCRIPT, zaɓi fayil ɗin, in ya gama ka yi ZOOM E. Bikon dubu ba za su ɗauke ka lokacin shan shayi ba.

Layin OSMODE 0 shi ne amsar ɗigon da suka zube maka ba daidai ba. Akwai saiti mai suna OSNAPCOORD, a yadda yake zuwa yana kan 2, ma'anarsa lambar da ka buga da hannu tana rinjayar osnap, wato saitin da ke manna linzami a kan ɗigo ko ƙarshen layi, amma ban da a cikin sikirif. Wato a sikirif, idan ENDPOINT ko NODE yana kunne kuma ka yi nisa da zanen a allo, sabon ɗigo zai yi tsalle ya hau kan wanda ya riga shi. Abin haushin shi ne ba duka suke gocewa ba, waɗanda ke kusa da juna ne kawai, kuma idan ka matso da zanen ka sake gwadawa sai abin ya yi daidai, ka rasa gane kansa. Kafin ka gudanar da sikirif ɗin ka buga OSMODE ka rubuta lambar da ke ciki a gefe, ka sa ta a layin ƙarshe don osnap ɗinka ya dawo.

Bayan osnap, sarari shi ne tarko na biyu. A sikirif kowane sarari Enter ne, kowane ƙarshen layi ma Enter ne. Sarari ɗaya da ya laɓe a ƙarshen layi, ko layi fanko a tsakiya, zai sake kiran umarnin da ya gabata, daga nan komai ya zame. Layin ƙarshe kuma dole a rufe shi da Enter ɗaya, in ba haka ba bikon na ƙarshe ba zai fito ba. Idan sikirif ya tsaya, danna F2 ka hau sama har inda aka fara ƙorafi. Kuskuren yana layi ɗaya ko biyu kafin nan.

Na uku bai shafi AutoCAD ba, kuma ya fi sauran haɗari domin ba ya nuna alama. AutoCAD yana karɓar X kafin Y, wato gabas kafin arewa, alhali takardun safiyo da yawa arewa suke fara rubutawa. In ka juya su, zanen zai fito da kyau, nisa daidai, faɗin fili daidai, amma a birkice kamar hoto a madubi, duk beyarin ɗin kuma ƙarya. A Kaduna gane wannan ba wuya. Muna cikin shiyya ta 32 ta tsarin lambobin taswira na UTM, wadda ta kama daga digiri 6 zuwa 12 gabas, kuma a cikin gari da kewaye lambar gabas mai gurbi shida ce tana farawa da 3, lambar arewa mai gurbi bakwai ce tana farawa da 11. In ka ga 11 a gurbin farko, an juya. Ka kuma tambayi maigidanka a kan wane ma'auni aka ɗauki lambobin, Minna ko WGS84. Wuri ɗaya yana da lambobi biyu a tsakaninsu da suka bambanta da fiye da mita ɗari, abin da ya isa ya ɗora fulotin mutum a kan hanya ko a cikin na maƙwabci. Sikirif ba zai gyara wannan ba, kuma kada ka gwada gyara shi da MOVE bisa kintace. Kafin takarda ta tafi KADGIS, hukumar filaye ta jihar Kaduna, a rubuta ma'aunin da aka yi amfani da shi ƙarara a jikin zanen.

Wani abu kuma: masu safiyo da yawa suna saita UNITS ta yadda sifili yake arewa kuma kusurwa ke tafiya kamar hannun agogo. In haka zanenku yake, 0 ɗin da ke cikin dabarar E2 ka mayar da shi 90, in ba haka ba duk sunayen za su fito a tsaye.

Yanzu nisa da beyarin. Nan sikirif ya gaza, domin ana buƙatar lissafi, sai AutoLISP. Yaren yana cikin AutoCAD tun 1986, kuma shirin da aka rubuta shekaru ashirin da suka wuce galibi yana aiki har yau. Masu AutoCAD LT ba su same shi ba sai daga sigar 2024. BricsCAD da ZWCAD da GstarCAD ma suna karanta shi, don haka abin da ka koya ba zai tafi a banza ba ko da ofis ya sauya manhaja. Game da VBA, wani yaren rubuta shiri, shawara ita ce ka bar shi tukuna: tun sigar 2010 ba ya zuwa tare da AutoCAD, sai an sauko da shi daban an saka a kowace kwamfuta.

Kwafe wannan a Notepad, ka ajiye da sunan safiyo.lsp:

```
(defun c:BD (/ a b m nisa kw be s)
  (while (and (setq a (getpoint "\nBikon na farko: "))
              (setq b (getpoint a "\nBikon na biyu: ")))
    (setq a (trans a 1 0)  b (trans b 1 0)
          a (list (car a) (cadr a))
          b (list (car b) (cadr b))
          m (list (/ (+ (car a) (car b)) 2.0)
                  (/ (+ (cadr a) (cadr b)) 2.0) 0.0)
          nisa (distance a b)
          kw (angle a b)
          be (rem (- 450.0 (* kw (/ 180.0 pi))) 360.0)
          s (rem (fix (+ 0.5 (* be 3600.0))) 1296000))
    (if (and (> kw (/ pi 2.0)) (<= kw (* pi 1.5)))
      (setq kw (- kw pi)))
    (entmake (list '(0 . "TEXT") '(8 . "RUBUTU")
      (cons 10 m) (cons 11 m) '(40 . 2.0) (cons 50 kw)
      '(72 . 1) '(73 . 1)
      (cons 1 (strcat (itoa (/ s 3600)) "%%d "
                      (itoa (/ (rem s 3600) 60)) "' "
                      (itoa (rem s 60)) "\"  "
                      (rtos nisa 2 2) "m")))))
  (princ))
```

Buga APPLOAD, ka loda shi, sannan ka buga BD. Danna bikon biyu, rubutun ya kwanta a kan layin, ya sake tambayar na gaba har sai ka danna Enter. A nan osnap ɗinka ya kasance a kunne, domin kai ne kake nunawa.

Kada ka tsaya a kwafa, ka san dalilin kowane layi, don gobe kai za ka gyara shi. Harafin c da ruwa biyu kafin BD su ne suka mayar da shi umarni kamar LINE. Sunayen da ke bayan sanda a layin farko ajiyar wucin gadi ce, suna gogewa da an gama. In ka manta da su, ƙimar jiya za ta zauna ta shiga lissafin wani shirin. Layukan da ke ɗauko car da cadr suna yar da tsayin ƙasa ne. Idan bikon ɗinka sun zo da Z daga na'ura, distance zai ba ka nisan gangare maimakon na kwance, ka ga 30.52 a inda ya kamata ka ga 30.48, kuma ba wanda zai lura sai mai dubawa.

Lambar 450 kuma ga asalinta. LISP yana auna kusurwa daga gabas, yana juyawa saɓanin hannun agogo, a ma'aunin radiyan. Mai safiyo yana aunawa daga arewa, yana bin hannun agogo, a digiri. Cire kusurwar LISP daga 90 shi ne juyin, an ƙara 360 don kada amsar ta faɗi ƙasa da sifili, rem kuma ya yanke rarar. Gwada da kanka: layin da ya nufi gabas kusurwarsa 0 ce, 450 a cire 360 saura 90, daidai. Akwai angtos da ke yin wannan a taƙaice, amma amsarsa tana bin saitin kusurwar zanen, shi ya sa ya fi kyau a yi lissafin da hannu, ya fito iri ɗaya a kowace kwamfuta.

An mayar da beyarin ɗin sakan gaba ɗaya kafin a raba shi digiri da minti da sakan don kauce wa wani abin kunya da ake gani a zanuka: 45° 12' 60". Yana faruwa ne idan an cike kowane kashi daban. A nan an yi amfani da wata ɗabi'ar LISP da gangan, wadda a wani wurin tarko ce: lamba marar aya idan aka raba ta da marar aya, amsar ba ta da ɓurɓushi. `(/ 7 2)` 3 ne, `(/ 7 2.0)` ne 3.5. Duk inda kake son ɓurɓushi, ka sa wa ɗayansu aya da sifili. Layin if yana hana rubutu kifewa idan ka nuna daga dama zuwa hagu. Lura an riga an lissafa beyarin kafin a juya shi. In kuma ka ga 30.5m maimakon 30.50m, DIMZIN ne yake kan 8, ka mayar da shi 0. An zaɓi entmake a kan kiran umarnin TEXT saboda shi kai tsaye yake rubutawa a rumbun zanen, ba ruwansa da osnap, ba ruwansa da tambayoyin da za su zame.

Faɗin fili da lambar fuloti ma haka ake bi, amma da sharaɗi: kowane fuloti ya zama PLINE ɗaya rufaffe a leyar IYAKA. Rufaffe na gaske, wanda aka gama da C, ba wanda aka dawo da linzami kusa da mafari ba. AutoCAD yana ba da faɗi ko ga buɗaɗɗen layi, yana ɗaukar kamar an rufe shi da miƙaƙƙen layi, don haka fulotin da ya rasa gefe ɗaya zai ba ka lamba mai kama da gaskiya. Wannan layin yana zaɓo rufaffun kaɗai:

`(ssget "_X" '((0 . "LWPOLYLINE") (8 . "IYAKA") (-4 . "&") (70 . 1)))`

Ka ƙirga su da sslength. In ka san fuloti 300 ne ya ce 287, goma sha uku suna buɗe. Ma'aunin gwaji yana hannunka: fuloti mai ƙafa 50 da 100 mita 15.24 ne da 30.48, faɗinsa murabba'in mita 464.52. In shirin ya ba ka miliyan ɗari huɗu da wani abu, a milimita aka yi zanen. Lambar fuloti kuwa, kada ka bar wa ssget. Jerin da yake dawowa da shi yana bin yadda aka zana su ne, ba yadda suke jere a kan titi ba, sai ka ga fuloti na 14 a gefen na 203. Ya fi aminci shirin ya tambaye ka lambar farko, kai kana danna cikin kowane fuloti bi da bi, shi yana ƙara ɗaya. Danna ɗari uku bai kai rabin awa ba.

Shirin BD bai taɓa wani saiti ba, don haka ko ka danna Esc ba abin da zai lalace. Ranar da ka rubuta wanda ke canza OSMODE ko CLAYER ko FILEDIA, dole ya ajiye tsohuwar ƙimar da getvar, ya kuma zo da mai kwashe ɓarna:

```
(defun c:GWAJI (/ *error* os)
  (defun *error* (sako) (if os (setvar "OSMODE" os)) (princ))
  (setq os (getvar "OSMODE"))
  (setvar "OSMODE" 0)
  ;; aikinka a nan
  (setvar "OSMODE" os)
  (princ))
```

Rashin waɗannan layukan ne ya ɓatar maka da akwatin Open. A cikin *error* ka tsaya kan setvar. Kiran command a wurin yana kawo rigima a sigogin 2015 zuwa sama, command-s ake amfani da shi. Shirin da zai zana abubuwa da yawa kuma ka kewaye shi da UNDO BE a farko da UNDO E a ƙarshe, don U ɗaya ya kwashe duka.

Don kada ka riƙa lodawa kullum, ka buɗe folda ɗaya, misali C:\LISP, ka ƙara ta a OPTIONS ƙarƙashin Files, a Support File Search Path da kuma Trusted Locations, sannan ka sa fayil ɗin a Startup Suite na APPLOAD. SECURELOAD ka bar shi a 1. Za ka ji masu cewa a mayar da shi 0 don gargaɗin ya daina damun mutum; kada ka bi. AutoCAD yana loda fayil mai suna acad.lsp ko acaddoc.lsp da kansa idan ya tarar da shi, kuma ta wannan ƙofar ƙwayoyin cuta suke shiga. A 2012 kamfanin ESET ya bankaɗo wata mai suna ACAD/Medre.A, an rubuta ta da AutoLISP, ta fi yaɗuwa a Peru, aikinta kwashe zanukan mutane tana aika su waje ta imel. A nan hanyar da aka fi ɗaukowa ita ce filashin da ya je shagon buga manyan takardu ya dawo. Idan ka ga acad.lsp, acaddoc.lsp, acad.fas ko acad.vlx a cikin foldar zane kuma ba kai ka sa ba, goge shi kafin ka buɗe zanen. Ka riƙa kai wa masu bugawa PDF maimakon DWG. Ban da tsaro, kaurin layi da salon rubutunka ma ba za su canza a hannunsu ba. Duk .lsp da aka turo maka, buɗe shi a Notepad ka karanta tukuna. Na .fas da .vlx ba sa karantuwa, sai ka san wanda ya ba ka.

Nan gaba, idan kowane fuloti ya sami fayil ɗinsa kuma ana son a yi musu abu ɗaya, akwai accoreconsole.exe a foldar AutoCAD tun sigar 2013. AutoCAD ne ba tare da fuska ba, yana buɗe zane, ya gudanar da sikirif, ya rufe. Layi ɗaya a fayil ɗin .bat ya isa, in ka rubuta cikakkiyar hanyar da shirin yake:

`for %%f in (*.dwg) do accoreconsole.exe /i "%%f" /s "C:\LISP\tsabta.scr"`

Ayyukan da ke farawa da vla- ba sa aiki a cikinsa, kuma abin da ya riga ya ajiye ba a iya mayar da shi da U. A kan kwafin foldar za ka gudanar da shi, ba ta asali ba, musamman da yake ana iya ɗauke wuta yana tsakiyar ajiye fayil.

Ga aikin da ke gabanka, kada ka zuba ɗari ukun a karon farko. Ɗauki fuloti uku: ɗaya mai kusurwa huɗu daidai, ɗaya karkatacce na bakin kwana, ɗaya da layinsa ya nufi arewa maso yamma, inda beyarin ya haura 270. Gudanar da sikirif da BD a kansu, ka lissafa nisa da beyarin ɗinsu da kalkuleta daga lambobin Excel, ka kwatanta har zuwa sakan. Sannan ka buga ID a kan bikon ɗaya ka duba ko lambar da ta fito ita ce ta takardar fili. In duka sun dace, ajiye kwafin zanen da kwanan wata a sunansa, ka saki sauran.